Bishiyar Tsakani da Wanda Baba Ya Kira

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya ɗaga sama, Ya raba gabas da yamma, Ya sanya wa kowace tafiya mafari da matuƙa. Ku matso, ya ku fatake da kuka sauke kaya a bakin wannan fadama, ku ara mini kunnuwanku kafin rana ta yi sanyi. Kun tambaye ni abin da ya zaunar da tsoho shi kaɗai a inda ba gari ba kasuwa, sai gishiri da tsuntsaye. Zan gaya muku. Amma kada wanda ya katse ni, don ni mutum ne mai saurin hawa, tsufa kuma bai rage mini komai ba.

Sunana Sallau, ɗan Jatau baduku, mutumin Gangaren Bagaruwa, garin da ke bakin Fakon Gishiri ta yamma. Ni ne ɗan fari a gidanmu. Kun san yadda ake yi da ɗan fari: uba ba ya kama sunansa, ba ya wasa da shi, ba ya yaba masa a gaban mutane. To, Baba ya riƙe wannan kunya kamar amanar da aka ba shi ajiya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son basilla, ina zaune daf da gwiwarsa, sai ya waiwaya wajen ƙanena ya ce, "Nomau, ce wa wannan ya miƙo basilla." Nomau kuwa, autanmu, sunansa ba ya sauka daga bakin Baba. Nomau zo ka ci, Nomau ina ka shiga, Nomau sauko kada ka faɗi. Innarmu ta rasu muna ƙanana, saboda haka babu mai ja na gefe ya rarrashe ni.

Na san al'ada ce. Kowa ya gaya mini al'ada ce. Amma zuciyar yaro ba ta ɗaukar wannan karatu, kuma tawa ta girma da ƙullinta.

Abu ɗaya ne Baba yake yi mini da hannunsa. Ƙafata ta hagu ta fi ta dama faɗi, saboda wata ƙuna da na yi ina rarrafe, don haka babu takalmin kasuwa da ke shigata. Duk lokacin da nawa ya tsufa, sai in tashi in tarar da sabo a bakin ƙofa, ba sallama ba magana. Ranar da na ɗaure kayana zan tafi neman ilimi a Birnin Turaku, na durƙusa a gabansa ina jiran ya sa mini albarka. Bai ɗago daga ɗinkinsa ba. Ya dubi ƙafafuna ta wutsiyar ido, ya ce, "Nomau, ce wa wannan, takalmin nan ba zai kai shi ko'ina ba." Na tashi raina a ɓace, na ce a zuciyata ai ko albarkar ma sai an yi mini rowarta.

Wanda bai san Fakon Gishiri ba, bari in kwatanta masa. Fili ne fari fat, ba tudu, itace ma sai ɗai-ɗai, tafiyar watanni ta kowace fuska. Ba a miƙe hanya a cikinsa, don akwai ramuka masu zurfi, da fadamun gishiri mai laushi, da kogin da rairayi ke gudu a cikinsa maimakon ruwa. Mutanen da suka gabata sun kafa turakun dutse a kowane zango. Kowane turke yana da tsaga a fuska biyu: fuskar gabas tana gaya maka zango nawa ka yi gabas daga Uwar Turaku, wato turken da ake fara ƙirga daga gare shi, fuskar arewa tana gaya maka zango nawa ka yi arewa. Garinmu yana gabas biyu, arewa uku.

Babban abin mamakin fakon kuwa shi ne bishiyar tsakani. Idan mutum ya shiga halaka, ya kira sunan wani daga can ƙasan zuciyarsa, sai bishiya ta tsago gishiri ta fito daidai tsakiyar tazarar da ke tsakanin mai kira da wanda aka kira, a inda kowannensu yake a wannan lokacin. Tsagar fuskar mai kiran tana fitowa a jikin ɓawonta. Muddin yana numfashi ganyenta kore ne, in ya fara galabaita sai ganyen ya fara zuba. Amma bishiyar ba ta faɗin wanda aka kira.

A Birnin Turaku na zauna a hannun wata malama, Iya Tabawa, wadda ta ƙware wajen nemo ɓatattu. Tsohuwa ce 'yar firit mai zafin baki, ba ta rabuwa da ƙwallayen dabino a haɓar zaninta. Ranar farko ta ja layi a ƙasa, ta ajiye ƙwallo biyu.

Ta ce, "Ga ka nan a gabas ɗaya. Ga bishiya a gabas huɗu. Ina mai kiranka?"

Na yi saurin ninka huɗu, na ce, "Gabas takwas, Iya."

Ta ƙwanƙwashe ni a ka. "Ɗan dukawa, ka manta da kanka! Ita tsakiya, haɗa gefe biyu aka yi aka raba biyu. In ka ninka ta, mutum biyu ne a ciki, kai da shi. Cire kanka tukuna, abin da ya rage shi ne wanda kake nema."

Na cire ɗaya daga takwas, na ce bakwai. Ta sa na ƙirga da yatsa: daga ɗaya zuwa huɗu uku, daga huɗu zuwa bakwai uku. Ta ce, "Haka za ka yi wa gabas, ka sake yi wa arewa, kowanne daban. Kada ka gauraya su, ba fura ba ce."

Na daɗe a wurinta, na sha ranƙwashi har kaina ya saba. Ko ranar da ta sallame ni, abin da ta raka ni da shi ke nan: "Ka ninka tsakiya, kada ka manta da kanka."

Na bi wani ayari mai zuwa yamma, ina tunanin in koma gida in nuna wa tsohon nan cewa takalmin ya kai ni ya dawo da ni, ko da yake a lokacin igiyar kaba ce ke riƙe da shi. Muka yada zango a Rijiyar Kunkuru, wadda turkenta ke nuna gabas goma, arewa takwas. A ranar ne balbelu suka taso daga kudu, garke bayan garke, har suka rufe rana, duk fakon ya yi inuwa da tsakar hantsi. Ina shan ruwa ina kallonsu, sai na ƙware. Na yi ta tari har hawaye. Wata mata mai jan ruwa ta yi dariya ta ce, "Sannu baƙo, ana ambatonka a wani wuri."

Na ce, "Ni? Sai dai in kura ce ke tunanin kalacinta."

Aka yi dariya, na manta da zancen.

Muka ci gaba da tafiya muna kewaye ramuka. Wata rana da safe iska ta kawo mini wani wari da na sani tun ina goye: warin bagaruwa da fatar da ke cikin jima. Babu majema a tsakiyar Fakon Gishiri. Na bar ayari na bi warin, sai ga bishiya tsaye ita kaɗai a jikin wani turke. Na shafa ɓawonta, na ga tsaga uku-uku da 'yar gajeruwa a ƙarƙashi, irin ta kumatun Baba. A gindinta kuma wani saurayi yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, da ƙunshin kirgi, wato jemammiyar fatar shanu, a gefensa. Ya ɗago, sai na ga Nomau ne, ya yi gemu.

Ya ce, "Yaya!" ya rungume ni yana kuka.

Da ya natsu ya ba ni labari. Baba ya fita da sassafe da jakarsa da sandarsa, bai gaya wa kowa inda za shi ba. An duba gonaki da bayan gari, ba a gan shi ba. Sai wasu fatake suka zo da labarin bishiya mai warin jima, suka ce a gaban idonsu ta tsiro, ranar da balbelu suka rufe rana. Nomau ya kwashi kirgin da ke rumfa don ya riƙa musanyawa da abinci a hanya, ya biyo su. Ya iso ya tsaya, bai san inda zai dosa ba.

Na dubi ganyen, kore shar. Baba yana da rai. Abin da ya rage shi ne mu kai gare shi kafin ganyen nan ya ƙare.

Na ce, "Ina kake ranar balbelu?"

"Ina gida, Yaya, a rumfar Baba."

Ban tambayi kaina inda nake ba. Me zai sa in tambaya? Mutumin da bai kama sunana ba ina gabansa, shi ne zai kama shi ina wata duniya? Nomau ma bai kawo hakan a ransa ba, fataken da suka tsaya kallo ma haka. Ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi, "Ai auta za a kira, wa ke kiran ɗan fari?"

Na durƙusa na karanta turken: gabas bakwai, arewa biyar. Na ninka bakwai ya zama goma sha huɗu, na cire biyun garinmu, saura goma sha biyu. Na ninka biyar ya zama goma, na cire uku, saura bakwai. Na miƙe ina kaɗe hannu na ce, "Baba yana gabas goma sha biyu, arewa bakwai."

Nomau ya ce, "Yaya, tsoho mai ciwon gwiwa? Bai daɗe da fita ba fa balbelun suka zo. Yaya aka yi ya kai can?"

"Wani ayari ya ɗora shi a raƙumi mana. Kai ka yi karatun ko ni?"

Ya ɗauki ƙunshin kirginsa. Na karyo reshe ɗaya na soke a rawanina, don reshen bishiyar tsakani yana bin halin uwarsa duk inda aka kai shi. Muka juya wa yamma baya.

Abin da ya fara tare mu shi ne Kogin Rairayi. Ayari kan kewaye shi ta arewa, amma mu ba mu da wannan lokacin. Rairayi ne ja yana gudu da ƙugi, duk abin da ya tsaya a kansa da ƙafa sai ya haɗiye shi. Na jefa sandata a tsaye, ta nutse. Na jefa faifan da muke rufe ƙwarya da shi, sai na ga ya tafi a kwance bai nutse ba. Na dubi ƙunshin da ke kan Nomau, shi ma ya dube ni. Muka baje kirgi huɗu a bakin gaɓa, muka fito da basilla, muka haɗa su da ɗinkin Baba, wanda ake soka sau biyu a koma baya sau ɗaya. Nomau yana ɗinki yana tsokanata wai hannuna ya mutu a wajen karatu. Muka kwanta rub da ciki a kan fatar, muka baje hannuwa da ƙafafu, muna turawa da ƙwarya. Rairayi ya yi ta jujjuya mu yana cika mana baki da hanci, amma ɗinkin bai saki ba, har ya tofar da mu a ɗaya gaɓar. Muka yi hamdala, muka yi dariya irin ta waɗanda suka ga mutuwa ta wuce. Da na taɓa rawanina, sai ganye biyu suka biyo hannuna, sun yi rawaya.

Daga nan muka iso wannan fadama da kuke zaune a bakinta. Kun ga yadda samanta ya yi fari kamar a taka, alhali ƙarƙashinsa taɓo ne da ba a san zurfinsa ba. Muna bin gefe a hankali, da la'asar, sai muka ji murya daga tsakiyar fadamar.

"Sallau! Sallau!"

Muryar Baba ce, da 'yar shaƙewar nan tasa ta mai yawan shaƙar ƙurar fata. Nomau ya jefar da kaya ya zabura. Na cafke shi ta baya, ƙafarsa ɗaya ta riga ta nutse har gwiwa. Muka yi ta kokawa yana ihu, "Sake ni, Yaya, Baba ne!"

Na ce, "Ka saurara da kyau, wawa! Sunan wa ake kira?"

"Naka."

"To, yaushe ka taɓa jin Baba ya faɗe shi? Wannan tarkon aljanu ne, kuma aljanun ma ba su yi bincike ba."

Na fizgo shi waje. Muka ɗaga ido, sai ga waɗansu tsuntsaye masu launin toka, masu jan baki, sun jeru a kan wani busasshen kara a tsakiyar taɓon. Su ne ke kiran. Na jefe su da dunƙulen gishiri, suka tashi suna faɗin sunana. Na ji daɗin wayona ƙwarai a ranar. Amma har muka yi nisa muryar tana bina, don ban taɓa sanin haka sunana yake da daɗi ba.

Muka isa gabas goma sha biyu, arewa bakwai, rabin ganyen reshen ya zube. Fili ne fetal, ana hango nesa ta ko'ina. Ba rami, ba sawu, ba tsumma. Muka kewaya muna kira har muryoyinmu suka dushe. Na sake lissafi a ƙasa, ya ba ni abin da ya ba ni da farko. Na sake, haka. Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi.

A jikin turken akwai wani dattijo mai suna Dogara, cikin masu yawo suna sabunta tsagar turaku in iska ta cinye ta. Ya ba mu ruwa, ya ce ya daɗe a wurin, ko ɓera bai gifta ba. Don ya ɗebe mana kewa ya tambaye mu labarin hanya, ni kuma na ba shi labarin tsuntsayen, har ina yabon kaina.

Dogara ya ajiye gudumarsa. "Masu jan baki? Ai 'yan aro ke nan. Can yamma suke kiwo, su dawo fadama su sha. Samari, tsuntsayen nan ɓarayi ne, amma ba maƙaryata ba ne. Ba su iya ƙirƙira ba. Abin da kunnensu ya ji shi bakinsu ke mayarwa, kuma sai an yi ta maimaita shi kafin su ɗauka."

Na juya wajen Nomau na ce, "Ranar balbelu, ka ƙware? Ka ciji harshe? Ka ji wani abu?"

Ya girgiza kai, idonsa ya cika. "Ban ji komai ba, Yaya. Na ɗauka don ina barci ne." Ya share fuska ya ce, "Tun da ka tafi, in ya zauna ɗinki bakinsa yana motsi. Na ɗauka tasbihi yake yi."

Sai matar Rijiyar Kunkuru ta faɗo mini a rai, da dariyarta, da amsar banzar da na ba ta. Na tuna da ranƙwashin Iya Tabawa. Ashe ni aka kira. Na share lissafin farko. Goma sha huɗu, a cire goman rijiya, saura huɗu. Goma, a cire takwas, saura biyu. Gabas huɗu, arewa biyu. Bayan garinmu kaɗan, a kan tsohuwar hanyar Birnin Turaku, iyakar inda gwiwar tsoho za ta iya kai shi. Duk tafiyar da muka yi tun daga bishiya, nesanta kanmu muke yi da shi.

Ban yi kuka a lokacin ba, ba ni da lokacinsa. Muka bar wa Dogara duk abin da ke da nauyi, muka riƙe fatar da muka ɗinka da goran ruwa, muka juya. Ba na iya ba ku labarin wannan komawa daki-daki, don ban ga hanya ba, reshen kawai nake gani. Na cire shi daga rawani na sa a cikin riga don kada iska ta taɓa shi, duk da na san ba iska ke zubar da shi ba. Muka wuce fadama, 'yan aro suna kira, wannan karon ina amsawa da ƙarfi, "Na'am, Baba! Ga ni nan tafe!" Nomau bai yi mini dariya ba. Muka sake haye Kogin Rairayi. Takalmina ya rabu biyu a can, na ci gaba da tafiya ba takalmi, gishiri yana cin tsagar ƙafata. Muka wuce bishiyar, ta zama ƙarangama, ƙasanta duk busasshen ganye. Ban tsaya ba.

Ranar da muka hango turken gabas huɗu, arewa biyu, ganye ɗaya ne ya rage, shi ma gefensa ya ƙone. Kusa da turken akwai wani tsohon ramin haƙar gishiri, da goruba ta karkato a bakinsa. 'Yan aro sun cika gorubar. Muka leƙa.

Yana can ƙasa, jingine da bango, ƙafarsa ta dama a karye ya ɗaure ta da tsinken kaba da igiyar fata, ɗauri mai kyau irin na baduku. Kusa da shi ruwa yana tsattsafowa daga dutse, ga ƙwallayen goruba da ya gwaigwaye sun taru. Da su ya rayu duk wannan lokaci. Ya rame har ban gane shi ba sai ta tsagar fuska. Jakarsa tana rungume a ƙirjinsa.

Muka yanka fatar muka yi igiya, muka sauka. Nomau ya tallafo kansa, ni na ɗiga masa ruwa. Ya buɗe ido a hankali. Ya ga Nomau, ya ce, "Nomau, ka zo." Sannan idonsa ya sauka a kaina. Wallahi na ga fuskarsa ta yi haske, leɓɓansa suka haɗu za su fito da harafin farko. Na matso da kunnena, na riƙe numfashi. Sai ya tuna akwai mutum a wurin. Ya kawar da kai gefe, kamar yadda ya saba tun ina yaro.

Na ce, "Baba, ni ne. Na ji kiran. Na yi kuskuren lissafi ne, na tafi gabas."

Ya dubi ƙafafuna, sun kumbura sun tsattsage, jini ya bushe a kansu. Ya yi ɗan tsaki mai rauni. Ya tura jakar da yatsa wajen ƙanena, ya ce, "Nomau, ce wa wannan, ai na faɗa. Ce masa ya gwada, mu ga ko na hagun ya yi."

Nomau ya buɗe jakar. Takalmi ne sabo, na jan kirgi, tafinsa ninki uku irin na mai doguwar tafiya, na hagun ya fi na dama faɗi. Ashe Baba ya lissafa cewa tsohon takalmina ya isa tsinkewa, kuma ya san babu mai yi mini wani a Birnin Turaku. Shi ya sa ya ɗauki sanda ya fito, bai gaya wa kowa ba, don kada a ce Jatau ya rasa kunya yana bin ɗan fari.

Na sa takalmin. Ya zauna mini daidai, kamar a jikina aka yanke shi. Na ce, "Ya yi, Baba."

Nomau, da hawaye har gemu, ya ce, "Baba, wai ya yi."

Ya gyaɗa kai. Ya yi kalmar shahada a hankali, muna tayawa. Da na sa hannu cikin rigata, reshen ya zama tsinke.

Muka fito da shi, muka kai shi Gangaren Bagaruwa, aka yi masa sutura kusa da Inna. Mutanen gari suka yi ta cewa Allah Ya yi wa Nomau albarka, ubansa ya kira shi ya amsa. Nomau ya buɗe baki zai gyara, na taka masa ƙafa. Tsohon ya ɓoye abinsa shekara da shekaru, ba ni zan tona masa asiri a gaban jama'a ranar jana'izarsa ba. Yanzu da waɗanda suka san shi duk sun bi shi, na ga ba laifi in faɗa.

Na bar wa Nomau rumfa, shi ya gaji hannun. Ni kuwa na yi shekaru ina nemo wa mutane ɓatattunsu, kuma Allah Ya sa an samu da yawa da rai. Duk bishiyar da aka kai ni, kafin in ninka komai sai na tara dangi in tambayi kowa inda yake a ranar, har wanda ya rakuɓe a baya yana cewa ai shi ba a kiransa. Shi nake fara tambaya.

Da ƙarfina ya ƙare sai na dawo nan na kafa bukka. 'Yan aro tsuntsaye ne masu tsawon rai, amma suna mantuwa. A shekarun farko, in la'asar ta yi, fadamar nan gaba ɗaya sunana take kira da muryar Baba. Sannu a hankali suka ɗauki waɗansu abubuwa: kukan raƙumi, zagin madugu, waƙar masu jan ruwa. Na gwada koya wa ƙanana, amma da muryata suke mayar mini, ni kuwa me zan yi da tawa? Yanzu saura guda ɗaya, wani tsoho mai ɗingishi da gashin wuyansa ya zube. Ba kullum yake zuwa ba, kuma bana muryarsa ta fara dushewa.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, ban ƙara ba ban rage ba, wanda ya ji kuma ya ɗauki abin da zai iya ɗauka. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya kai ku inda kuka nufa. Yanzu ku ja raƙumanku baya, ku yi mini shiru. Ga tsohon tsuntsun can ya sauka a kan kara, ina so in amsa.